Haɗin Gwiwar Al'umma Wajen Kare Daji, Fadama da Namun Dawa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Abaji zuwa Gwagwalada da sanyin safiya zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran mota. Da yawansu cikin birni za su nufa, a sauke su a kasuwar Garki da makamantanta. Kowane buhu daga cikinsu itace ne da aka kayar: kirya, ko marke, ko kaɗanyar da a da mata ke tsintar 'ya'yanta da damina. Garki kanta ƙauye ce mai gonaki da kurmi kafin a kafa Birnin Tarayya a 1976, kuma tun da gwamnati ta ƙaura zuwa Abuja a 1991 buƙatar itace da fili da naman daji take ta ƙaruwa a kan ƙauyukan Kuje, Kwali, Bwari, Gwagwalada da Abaji.

Dokokin kare muhalli ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar 1985 mai kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, akwai kuma ƙa'idar 2011 kan ƙona daji. Sai dai ma'aikacin gandun daji ɗaya ba zai iya tsare dajin da ƙauyuka 20 ke kewaye da shi ba. Wannan ƙasida ta duba wurare biyu da aka jarraba sa mutanen gari cikin aikin, wato fadamar Haɗeja da Nguru a nan Nijeriya, da ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, domin malamin gona ya ga abin da ya yi kyau da abin da ya ci tura.

Ina ruwan manomi da namun dawa?

Tambayar da ake fara yi wa malamin gona ke nan, kuma ya kamata amsarsa ta fito daga gona. Furen ɗorawa da na kuka da daddare suke buɗewa, jemagu ne kan gaba wajen yi musu barbara. Kaɗanya, riɗi da auduga suna ƙara 'ya'ya idan ƙudan zuma ya wadata, shi kuwa ƙudan zuma yana buƙatar kogon itace da furanni iri-iri a duk tsawon shekara. Iyalin mujiya guda na iya cinye ɓeraye fiye da 1,000 a shekara, amma da an ji kukanta a kan rumbu sai a nemi dutse. Shamuwa da balbela suna bin fara da tsutsa a gona, kuma tun da tsutsar nan mai cin masara ta bayyana a Nijeriya a 2016 mun ƙara sanin darajar duk wata halitta da ke rage ta ba tare da an sayi magani ba.

Ungulu ma tana da nata aikin. A 2015 aka sanya ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta don magani. A Indiya, inda wani maganin dabbobi ya kusa ƙarar da ungulaye a shekarun 1990, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita. Yaro ɗan shekara 15 a yawancin garuruwanmu bai taɓa ganin ungulu a mahauta ba.

Ba za a ɓoye ɗaya gefen ba: jan baki na cinye gero da shinkafa, biri na ɓarnar masara, gafiya na tone gyaɗa. Duk shirin da ya ƙi kallon wannan hasara ba zai samu goyon bayan manomi ba.

Abin da muka gada

Keɓe wuri don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne. Manzon Allah (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) kuma ya keɓe Rabaza. A ƙasar Hausa akwai hurumi a bayan gari, da burtali, da mashaya, kowane da mai kula da shi. Sarkin Ruwa ne ke faɗin ranar da za a faɗa tafki da ranar da za a fita. A Argungu har gobe ana hana kamun kifi a Matan Fada sai lokacin biki, kuma wannan hanin ne ya sa ake samun giwan ruwa mai girman da ake nunawa. Abin lura shi ne, a duk waɗannan misalai mai kafa doka yana zaune cikin waɗanda dokar ta shafa, kuma kowa ya san ranar da zai ci moriyar haƙurinsa.

Fadamar Haɗeja da Nguru

A inda kogin Haɗeja da na Jama'are suka bazu cikin jigayin yashi, tsakanin jihohin Jigawa, Yobe da Bauchi, kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi, nan fadamar take. Kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi ne ke cin abinci daga gare ta. Da ruwa ya cika a shuka shinkafa, ya fara janyewa a bi danshi da wake da kayan lambu, masunta su yi su, da rani kuma Fulani su sauko da shanu. An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 370 a wurin. Wasu 'yan gida ne, kamar kirinjijiya, dinya da gauraka. Wasu kuwa daga Turai suke ƙetaro Sahara su yi hunturu a nan. Ƙidayar watan Janairu ta tsakiyar shekarun 1990 ta riƙa samun tsuntsayen ruwa fiye da 200,000.

Tsuntsayen ne suka fara jawo hankalin masu kare muhalli. A 1987 Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, tare da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da hukumomin gwamnati suka kafa shirin kiyaye fadamar, daga baya ƙungiyar IUCN ta shigo. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona, inda aka keɓe wa tsuntsayen ruwa mafaka, kuma a 1991 Dagona ta shiga cikin Gandun Ƙasa na Tafkin Chadi.

Ba a daɗe ba ma'aikatan shirin suka gane cewa babbar barazanar ba daga mafarauci ta fito ba. Ruwan ne ke raguwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ga farin shekarun 1970 da 1980. Ambaliyar da kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 ta koma ƙasa da 1,000 a shekaru da dama. Inda ruwa bai kai ba babu agwagwa, haka kuma babu shinkafa, babu tarwaɗa, babu ciyawar rani. Daga nan shirin ya sauya alƙibla, ya koma auna ruwa, da zama da manoma, masunta da makiyaya, da kai kukansu ga masu riƙe da madatsun. Wani bincike da Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka fitar a 1993 ya ƙarfafa hujjarsu, domin ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala cikin fadama yana samar da amfanin noma, kifi da itace wanda ya ninka na ruwan da aka karkatar zuwa babban aikin noman rani na Kano sau da yawa. A ra'ayina wannan sauyi shi ne abu mafi muhimmanci da shirin ya yi. Manomin Nguru ba zai fito taro don agwagwar Turai ba, amma zai fito don ruwan shinkafarsa, kuma ruwan ɗaya ne.

Sai kuma ga kacala. Kafin madatsu, kogunan kan ƙafe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, kacala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan baki. Ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma yana cinye gonaki a wajen Nguru, alhali mashigin Burum Gana da wasu sun bushe. Masu kuka da ambaliya da masu kuka da ƙishirwa suka zama maƙwabtan juna. Ƙauye ɗaya ba ya iya maganin wannan, don idan ka share naka mashigin na gabanka bai share nasa ba, aikin banza ka yi. A shekarun 2000 wani shiri da Birtaniya ta tallafa ya taimaka aka haɗa ƙauyukan da ke kan mashigi ɗaya suna fita aikin gayya da lauje da adda da kwalekwale, sarakuna da ƙananan hukumomi suna tallafawa. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka amince a Damaturu da tsarin kula da kogin baki ɗaya, tare da asusun gudanar da shi.

Fadamar ta samu suna a duniya. Tafkin Nguru da mashigin Marma ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin dausayin Ramsar, a 2000; Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008; a 2020 kuma UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin wurin da ake haɗa kiyaye halittu da sana'ar jama'a. Amma suna bai kashe kacala ba. Tana dawowa duk inda aka yi sakaci, kuma aikin gayya kan yi sanyi da zarar kuɗin masu tallafi ya ƙare. Haka nan a wuraren da aka shata iyaka aka hana su da kiwo da yankan kaba ba tare da an ba mutane madadi ba, an daɗe ana 'yar ɓuya tsakanin ma'aikata da mutanen gari.

Maraɗi: dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Darasin Maraɗi ya fi kusa da manomin tudu. A farkon shekarun 1980 gonakin yankin sun zama fili fetal. Iska kan binne shuka da yashi har sai an sake shuka sau biyu ko uku, mata kuma na dafa abinci da kara da kashin shanu. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai, masu saiwa mai zurfi: kalgo, sabara, geza, taramniya, magarya. Idan aka rage tohon aka bar kaɗan, sai su miƙe su zama itace cikin 'yan shekaru. Mutanen Nijar suka sa wa dabarar suna sassaben zamani.

Lokacin yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100, aka raya itatuwa kimanin 500,000. Da rabon ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Malamin gona ya riƙe wannan da kyau: abin da aka yi don buhun hatsi, ranar da buhun ya ƙare shi ma ya ƙare. Waɗanda suka bar nasu itatuwan ne suka ga bambanci, ga itacen girki, ga ganyen dabbobi, ga gero da iska ba ta binne ba. Daga gare su dabarar ta yaɗu, manomi zuwa manomi.

Akwai wani cikas da ya fi fari. Tun zamanin mulkin Faransa doka ta ɗauki itatuwa masu daraja a matsayin na hukuma, har ana cin manomi tara idan ya sare reshen gawon da ke gonarsa. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta wannan a aikace, sannan dokar gandun daji ta 2004 da wata ta 2020 suka ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya. Cikas na biyu sata ce, a sare maka itace da dare. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido wanda ya haɗa maza da mata da wakilan makiyaya, suka tsara dokokinsu da tararsu, hukuma kuma ta amince da su. Hotunan sama da na tauraron ɗan'adam sun nuna cewa zuwa tsakiyar shekarun 2000 an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Inda itace ya dawo, tsuntsaye da ƙadangaru da ƙudan zuma kan biyo shi, ba tare da an kafa gandu ko an ɗauki mai gadi ba.

Nijar ɗin dai ta ba da misali a kan babbar dabba. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma sun ragu zuwa 49 a 1996, dukkansu a yankin Kure, gabas da Yamai, inda suke kiwo cikin gonakin mutane suna cin wake. Aka hana farautarsu, aka kuma tallafa wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan rance, samari suka zama 'yan rakiyar baƙi. Zuwa 2018 sun kai kimanin 600, har aka ɗauki 8 aka mayar Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka ɓace shekaru da dama da suka wuce.

Yadda malamin gona zai fara

Ƙasar Birnin Tarayya ta fi Maraɗi ruwa nesa ba kusa ba, don haka kututture ya fi saurin toho a nan. Matsalarmu ta fi ƙarfi wajen gawayi, gobarar daji, noma har bakin rafi, zuba guba a ruwa don kama kifi, da rashin tabbas a kan fili. Wannan na ƙarshe a fara da shi. Filin Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya yake, kuma manoma da yawa aro ko haya suke nomawa. Wanda bai san ko shi zai noma gonar baɗi ba ba zai bar kaɗanya ta girma ba. Saboda haka tun a zaman farko a fayyace a gaban mai unguwa da mai gona: itacen da ɗan haya ya raya, wa ke da 'ya'yansa, wa ke da rassansa, kuma me zai samu idan aka karɓe gonar.

Kada malamin gona ya shiga gari da maganar hani. Ya fara gaida mai gari, ya nemi a tara masa waɗanda ke cin abinci daga dajin: manoma, Arɗo da mutanensa, Sarkin Baka da mafarauta, masunta, masu ɗebe zuma, masu maganin gargajiya, da masu gawayin kansu. Wanda aka bari a waje shi ne zai fara karya doka. Mata a yi musu nasu zaman daban idan al'adar garin ta buƙaci haka, domin su suka san kaɗanyar da ta daina 'ya'ya da nisan da ake yi kafin a samu itace. Na sha ganin taron da maza suka ce daji lafiya lau, aka koma wajen mata suka lissafo itatuwa 10 da suka ɓace. A roƙi dattawa su zana taswirar gari a ƙasa, su nuna inda kurmi yake a da, da dabbobin da suka sani suna yara waɗanda yanzu babu. Wannan lissafin ya fi kowace lacca tasiri, don daga bakinsu ya fito.

Dokoki su zama kaɗan, uku ko huɗu, waɗanda kowa zai iya haddacewa. Misali, ba a sare kaɗanya, ɗorawa, tsamiya ko kirya mai rai don gawayi. Ba a zuba guba a rafi. Ba a farauta da damina lokacin da dabbobi ke da ciki ko goyo. Ba a cinna wuta sai ranar da gari ya sa. Hukunci ya tafi daki-daki, gargaɗi tukuna, sannan tara mai sauƙi, sannan a kai gaba, kuma a san inda kuɗin tarar ke shiga. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009 saboda nazarin yadda al'ummomi ke sarrafa dukiyar tarayya, ta gano cewa irin wannan hukunci mai hawa-hawa da sa idon masu amfani da wurin suna cikin abubuwan da ke sa tsari ya ɗore. Bayan an amince, a rubuta, mai gari da wakilin ƙaramar hukuma da jami'in gandun daji su sa hannu. Idan babu wannan takarda, ranar da babbar mota ta zo daga birni ɗaukar gawayi kwamitin ba shi da abin nunawa.

Dole ne kuma a ga riba da wuri. Amya ko akwatin zuma a gefen kurmi kan ba da zuma cikin shekara guda, kuma mai amya ba ya yarda a sa wuta kusa da ita. Murhu mai tattalin itace yana rage wa mata tafiya. Mai gawayi a nuna masa rassan da aka rage da itatuwan da gari ya yarda a sara, kada a ce masa ya daina kawai alhali da sana'ar yake ciyar da gida.

Ita dabarar sassaben ba ta buƙatar komai sai adda mai kaifi. Lokacin sharar gona manomi ya zagaya ya zaɓi kututturan da yake so, ya fara da kamar 20 zuwa 40 a hekta. A kowane kututture ya bar toho 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran. Ya datse ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawon tohon, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ya ɗaura tsumma mai launi a jiki, alamar cewa da mai shi. Bayan wata 3 zuwa 6 ya koma ya rage sabon toho. Kowace shekara yana iya yanke ɗaya don amfanin gida, ya bar wani ya maye gurbinsa, har a ƙarshe ya tsayar da guda ya zama itace. A yankinmu mai yawan ruwa a kula da inuwa: a rage rassan da suka rufe masara ko dawa tun farkon damina, a watsa ganyen a gona.

A bakin rafi a bar ciyawa da itatuwa ba a nome ba, gwargwadon faɗin da gari ya amince, a kuma bar mashaya a buɗe ga shanu. Toshe mashaya da lambu na daga cikin abubuwan da ke haddasa rikicin manoma da makiyaya.

Lokacin da ya fi dacewa a kira zaman farko shi ne da kaka, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin ciyawa ta bushe. A wannan zaman za a sa ranar share layin kare wuta kewaye da kurmi da gonakin da aka yi wa sassaben zamani, da ranar ƙonan farko tun ciyawa na da sauran danshi. Malamin gona ya buɗe littafi tun daga ranar, ya rubuta yawan kututturan da kowane manomi ya bari, da sunayen tsuntsaye da dabbobin da aka gani, da duk ɓarnar da suka yi a gona. Da wannan littafin zai koma gaban mutanen gari a kaka mai zuwa, kuma shi zai gabatar wa ofishin shiyya idan kwamitin ya nemi tallafi.